Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

'Yan'uwana mata, akwai wani yayi da ya yi ƙarfi a Amurka da Turai. Watau idan mace ta manyanta fatar idonta ta saki, sai likita ya yanke wadda ta yi yawa, ya rage kitsen ƙarƙashin ido, ya ɗinke, wai don ta koma yarinya. A shekarar 2024 kaɗai an yi wa mutum fiye da miliyan 2 wannan aiki a duniya.

To, ku sani aikin ba ya hana tsufa, fatar tana iya sake saki. Ido kan kumbura mako ɗaya ko biyu. Wata idonta ya riƙa bushewa, wata ta kasa rufe shi sosai lokacin barci. Jifa-jifa ma jini kan taru a bayan ido har a makance.

In fatar ta sauko tana tare miki gani, wannan lalura ce, maza ki ga likitan ido. Amma don gasa da kishiya? Haba! Ke kuma 'yar makaranta, dubi kwarjinin fuskar kakarki, ki gaya mini ko tana bukatar wuƙa.