Tsohuwar Mota Ma Tana Bukatar Isnadi

A shekarar 2014 an yi gwanjon wata mota a Amurka, ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, aka saye ta dala miliyan 3.5. A 2020 kuma aka sayar da Ford Mustang ta 1968, wadda Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, fiye da dala miliyan 3. Motoci ne masu ƙaton inji da shan mai, waɗanda Amurkawa suka yi yayinsu kafin tsadar mai ta 1973. To, me ya kai tsohon ƙarfe wannan daraja? Hujja ce.

Kafin mai saye ya biya ko kwabo, sai masana sun duba lambar shasi, sun gwada ta da lambar inji da ta giya, don su tabbata ba a musanya kome ba tun daga masana'anta. Sai su leƙa ƙarƙashi su ga ko an yi walda an dasa wata lamba. Sa'an nan su bi takardu hannu-hannu, daga mai ita na fari har na yau. In aka sami giɓi, kuɗi ya faɗi, kome kyan fenti.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wannan ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Malamanmu na Sakkwato da Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, ba sa karɓar riwaya sai da isnadi. Abin mamaki, mu jikokinsu sai dillali ya ce mana "motar wane ce", mu gaskata ba tare da ganin ko rasit ba.

Mu ma muna da motocin tarihi. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, akori-kurarsa kuwa ta daɗe tana jigilar albasa da tafarnuwa daga ƙauyukanmu na Goronyo da Raba. Yau akasarinsu sun faɗa hannun 'yan gwangwan, an auna a sikeli, takardunsu kuma gara ta cinye.

Wani zai ce talaka mai neman na tuwo ina ruwansa da wannan. Ai shi ne ma aka fi cuta, domin wanda bai san darajar kayansa ba shi ake yi wa tayin wulaƙanci, kuma shi ake sayar wa mota mai lambar jabu har ta kai shi ofishin 'yan sanda.

Saboda haka duk mai tsohuwar mota a gida ya adana takardar kwastan da ta rajista, ya rubuta lambobinta da sunayen waɗanda suka mallake ta. Ma'aikatanmu na ofisoshin lasisi kuma su kula da tsofaffin fayil-fayil, domin ranar da gardama ta tashi su ne shaidu.