Ra'ayinmu: A daina cinikin biri a sama

Jama'a, kwamfutoci ƴan gwanjo sun shigo mana, tun daga Gidan Rumji da Tibiri har Cadawa, Agye da Gazawa. Wannan ci gaba ne. To amma akwai wata asara da ke cin mutane shiru. Uwa ta kwashi adashinta ta tafi Maraɗi, ta saya wa ɗanta ɗalibi kwamfuta a wannan rumfa, allo a waccan, waya kuma hannun mai talla. An iso gida, waya ta ƙi shiga, ko ta shiga allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ga kuɗin mota na komawa, ga mai kaya yana cewa ciniki ya riga ya faɗa.

Sau da yawa kayan lafiyarsu lau, jinsi ne bai zo ɗaya ba. Kafar da katin hoto ke fitar da hoto a bayan kwamfuta iri-iri ce. VGA, shuɗiya mai haƙora 15, kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987, kuma ba ta ɗaukar murya. DVI, fara mai faɗi, ta zo a 1999. HDMI, irin ta talabijin na zamani, tana ɗaukar hoto da murya tare. DisplayPort ta yi kama da ita, amma kusurwa ɗaya ce a yanke, ba su shiga ramin juna.

A 2010 kamfanonin Intel da AMD suka sanar za su bar VGA zuwa 2015. Shi ya sa sababbin kwamfutoci da dama ba su da ita, alhali tsofaffin alluna ita kaɗai suka sani. Waya zalla ba ta haɗa HDMI da VGA, sai an sa ɗan akwatin da ke juya hoton, shi ma hanya ɗaya yake aiki. Wanda ya ɗauko na akasi ya zubar da kuɗinsa.

Don haka muna kira ga ƴan kasuwa da su jona kaya a gaban mai saye, su kuma yarda da musanya idan ba su dace ba. Riba ta kwana ɗaya ba ta kai amana ba. Ku kuma iyayenmu mata, kada ku kwance bakin zane sai kun ga hoto ya fito. In allo yana gida, a ɗauki hoton bayansa da salula a nuna. Gani ya kori ji.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.