Ba Tsufa Ba Ne, Kaya Ne Suka Yi Wa Jaki Yawa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ƙarya da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu da ofisoshinmu, tun daga Samaru har Gazara, wai duk kwamfutar da ta yi nauyi ta tsufa, sai dai a sayi sabuwa. Su wa ke yaɗa ta? Mai kanti da ke son ciniki, da ɗan kwangilar da ke jiran takardar sayayya, da mai gyaran da bai iya komai ba sai "a goge a sake zubawa", ya karɓi ladansa, aikin binciken ɗalibi na shekara guda ya bi ruwa. Uban da ya kai rakensa kasuwar Makarfi, ko ya yi rani yana ban ruwan tumatir a Ikara don ya saya wa ɗansa kwamfuta 'yar gwanjo, shi ake cewa ya sake kwance bakin aljihu. Mu kam ba mu yarda ba!

Gaskiyar magana, yawancin injunan nan ma'aikatan bogi ne suka cika su. Da zarar an kunna kwamfuta, manhajojin da ba wanda ya kira su sai su tashi a ɓoye, irin su Teams da OneDrive da masu leƙen sabuntawa iri-iri, kowanne ya yagi rabonsa na ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. Injin da ke da gigabait 4 kacal, me zai rage wa mai shi? Suna kan takardar albashi, ba a ganin aikinsu, kuma su ne ke shanye batir a garin da wuta sai ta ga dama, su cinye datar da aka saya da kuɗin abinci.

Kama su ba ya bukatar digiri. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ya jera kowace manhaja da abin da take ci a ƙarƙashin CPU da Memory da Disk. A shiga sashen Startup, a kashe duk wadda ba a bukatarta tun farkon kunnawa. Wannan ba ya goge ta, tana nan in an neme ta. Amma hattara: abin da ba a san sunansa ba, musamman na Windows kansa irin su svchost, a bar shi, kada garin gyaran gira a rasa ido. Masu ɗora riga-kafin ƙwayar cuta biyu ko uku su sani kishiyoyi suka tara, alhali Windows na zuwa da nasa Defender. Masu buɗe shafi 30 a Chrome kuwa, su kuka da kansu. Sannan ƙurar hunturu na toshe fanka, injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa.

Ba mu ce babu injin da ya gaji ba. Amma ko shi, sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD ko ƙara RAM ya fi sayen sabo araha nesa ba kusa ba. Za su ce ai Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na neman TPM 2.0 wanda tsofaffin injuna da yawa ba su da shi. Haka ne. To shawarar da wani kamfani ya yanke a Amurka ita za ta mayar da kayanmu bola? Ga Linux Mint nan kyauta, yana tafiya lafiya a kan irin waɗannan injuna.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ga ƙannenmu a ƙauyuka da yawansu ba su taɓa riƙe linzami ba. Kowace kwamfutar da aka jingine a sito da sunan ta mutu, kujerar koyo ce aka hana su. Don haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware rana guda kowane zango don koyar da wannan gyara kyauta, muna kuma kira ga ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan kada su sa hannu a takardar sayen sabuwa sai an buɗe Task Manager a gaban mai binciken kuɗi.