Wa Zai Ƙirga Giwayen Yankari?

A watan Janairun 2014 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya kamata ya hana masu kula da gandun daji a Afirka ta Yamma barci. A takarda, gandun daji 21 ne ake zaton suna da zakuna a yankin. Da masana ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera suka kwashe shekaru suna bin sawu, wurare huɗu kacal suka tabbatar: Niokolo-Koba a Senegal, dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Nijeriya. Duka-duka zakunan ba su wuce kimanin 400 ba. A sauran wuraren, sunan zaki ne kawai ya rage a bakin mutane, don kafin nan babu wanda ya shiga daji ya duba da ilimin dubawa.

Duk lokacin da aka tayar da zancen kare namun daji, abin da ake fara lissafawa shi ne bindiga da mota da albashi. Babu mai musun amfaninsu, musamman yanzu da dazuzzuka suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Amma akwai abin da ya fi su araha, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: koya wa ma'aikacin gandun daji yadda ake bincike da ƙirga dabba.

Aikin ba na wasa ba ne. Mai son sanin yawan giwaye a daji mai duhu ba ya zama jiran su fito, kashinsu yake ƙirgawa. Ana shata layi miƙaƙƙe da na'urar GPS, mutum uku ko huɗu su bi shi a ƙafa, ko da ya ratsa ƙaya ne. Duk tulin kashin da aka hango, sai a ja awo daga layin zuwa inda yake, a rubuta nisan, a rubuta ko ɗanye ne ko ya bushe. Daga nan sai lissafi: giwa tana kashi fiye da sau goma a rana, kuma kwanakin da tuli yake yi kafin gara da ruwan sama su cinye shi sun bambanta tsakanin rani da damina. Wanda bai koyi wannan ba, zai iya ninka garke ɗaya sau uku a rahoto, zuciyarsa fes, bai yi niyyar ƙarya ba.

Zaki kuma yaudararsa ake yi. Da dare ake kunna kukan ɗan ɓauna a lasifika, a zauna cikin mota a ga wanda zai amsa kira. Ga kuma kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, wadda take ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gitta. Sayen ta ba wuya. Sanin inda za a ɗaure ta, da abin da za a yi da dubban hotunan da ta tara, nan gizo yake saƙar.

Maƙwabta sun nuna amfanin abin. A 1996 raƙuman dawan yankin Kure, gabas da Yamai, saura 49. An san adadin ne saboda kowane raƙumin dawa zanen jikinsa daban yake, kamar zanen yatsa, aka ɗauki hoton kowanne ta dama da hagu, aka buɗe masa shafi. Ƙidayar shekara-shekara ta nuna sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai su dajin Gadabeji. 'Yan ƙauyukan yankin da suke yi wa baƙi jagora suna cikin masu wannan aiki.

Makarantu kam akwai. Kwalejin Mweka ta Tanzaniya tana horar da ma'aikata tun 1963, ta Garwa a Kamaru tun 1970. A gida akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji a New Bussa, ga kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda take yaye masu digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Sai dai yawancin wannan karatu mai tsawo ne, da Turanci ko Faransanci, ga masu takardar shaida. Mutumin da ya fi kowa sanin Kogin Gaji na Yankari, wanda zai dubi sawu ya ce gwanki ne ya wuce da asuba yana ɗingishi, sau da yawa tsohon maharbi ne da bai gama firamare ba. Ya iya karanta ƙasa, abin da ya rage masa shi ne yadda zai mayar da abin da ya gani lamba. Kwas na mako uku ko huɗu a cikin dajin, da Hausa, zai ɗora shi a kan hanya, kuma in ana batun gane sawu, malamin ma sai ya zama ɗalibi.

An ga alamar haka a Yankari. Tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aiki da gwamnatin Bauchi, masu sintiri suna riƙe da na'urar da take adana hanyar da suka bi da abin da suka tarar, tarko ne ko sansanin mafarauta ko garken shanu. An kuma rataya wa wasu giwaye na'urar da tauraron ɗan Adam yake bibiya, don a san lokacin da suka doshi gonakin mutane. Duk da haka, ƙiyasin da ake ta maimaitawa shi ne giwaye 100 zuwa 150 a daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Tsakanin lambobin biyu akwai giwa 50, wato kashi ɗaya cikin uku na garken zai iya salwanta ba tare da rahoton ya canza ba.

Don haka kira ga gwamnatin Bauchi da hukumar kula da gandun dajin ƙasa: a ware kuɗin horon bincike a kasafin kowace shekara, a kira malaman New Bussa da na Jos su koyar a cikin dajin lokacin rani, sa'ad da dabbobi suke taruwa a bakin ruwa, a kuma buga sakamakon ƙidayar kowa ya gani.