Kwalliyar Sallah A Makarantun Kudu: Me Ya Kai Mu Hayar Balan-balan?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, daga Ibadan, Legas, Ife, Benin, Nsukka, Fatakwal har Kalaba. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda datarsa ta yi ƙasa ya ajiye shi sai dare.

Sallah ta ƙarato, kuma na san abin da ke faruwa yanzu a guruf-guruf na ƙungiyoyinmu. An kafa kwamitin walima, an fitar da kasafi, kuma a cikin kasafin akwai layi guda da aka rubuta "dekoreshon". Ra'ayina a taƙaice shi ne a goge layin nan. Kwalliyar kam a yi ta, har ma a fi ta bara kyau, amma mu yi ta da hannunmu, da kayan da muke zubarwa a bola kullum. Kuɗin kuma a mayar da shi tukunya.

Bari mu fara da tambayar da ba a cika yi ba a wajen mitin: su waye ke yin Sallah a makaranta? Hutun da gwamnati ke bayarwa kwana biyu ne galibi. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. Mai hali ya hau jirgi ko ya bi motar dare ya tafi gida. Waɗanda suka rage su ne masu jarabawa a gaba, da mu 'yan masters da sufabaiza ya riƙe wa babi na uku, da kuma, mafi yawa, waɗanda ba su da kuɗin zuwa da dawowa. To waɗannan mutanen ne muke bi ɗaki-ɗaki muna karɓar kuɗin walima a hannunsu. Yaron da ke aji ɗaya, wanda garin kwaki ne abincin darensa, ya ciro abin da ya rage masa ya ba mu don kada a ce bai biya ba. Mu kuma mu ɗauki wani kaso mu miƙa wa mai dekoreshon, ya zo ya hura balan-balan, ya ɗaura labulen leda mai ƙyalli, a ɗauki hoto na awa uku, kafin la'asar rabi sun fashe, washegari a share a zubar. Don Allah wannan lissafi ne?

Na zauna a irin wannan kwamiti, kuma na ga yadda muhawarar ke tafiya. Da zarar ka ce a rage kuɗin kwalliya, wani zai ce, "Haba malam, so kake a raina mu? Ba ka ga yadda wasu ƙungiyoyin ke yin nasu ba?" A nan gizo ke saƙar. Kece raini ne ya kai mu, da tsoron kada a ce 'yan Arewa ba su waye ba. Ni kuwa a ganina babu abin da ke jawo raini kamar ka yi kwaikwayon abin wani, kuma ka yi shi ƙasa da yadda mai shi ke yi. Balan-balan ɗinmu ba za su taɓa kai na masu kuɗin kamfus yawa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma gatarin namu ma ba guntu ba ne. Wanda ya taɓa zaga cikin birnin Zariya ko Kano ya ga zanen da magina ke yi a fuskar gida, da zanko a saman soro. Da me aka yi su? Ƙasa ce, da ciyawa, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, wanda ɗaliban zanen gine-gine ke karantawa har yau, da laka aka yi shi. Ɗakin kakanninmu mata fa? Jere ne na ƙorai, daga baya tasoshi da kwanukan samira, an jera su reras, da faifai masu launi a bango. Wato kayan cin abinci su ne kayan ado. Mu kanmu da muke yara, wa ya saya mana abin wasa? Motar kara muka yi, da ta langa-langa, muka yi taya da tsohon silifa. Lokacin tashe auduga ce gemu, tsumma ne tumbi, gwangwani ne ganga. A ce yanzu don mun shiga jami'a mun manta yadda ake riƙe almakashi?

Wanda kuma yake ganin kayan bola ƙasƙanci ne, 'yan Nsukka su ba shi labarin El Anatsui. Mutumin Ghana ne da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya shafe shekaru da dama a can. Marafen kwalabe da aka yar yake tarawa, a daddaƙe su, a ɗinke da siririyar wayar jan ƙarfe, su zama wani makeken mayafi da ke rufe bango guda. A 2015 an ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na Venice a Italiya, a 2023 kuma aka rataya aikinsa a babban zauren Tate Modern da ke Landan. Turawa na bin layi su kalli marafen kwalba, mu kuma muna jin kunyar kwali.

To, kada a ce surutu kawai na zo yi. Ga abubuwan da na ga sun yi aiki, kuma duk wanda ke hostal ko ɗakin haya zai iya.

Na farko, bangon hoto. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, don hoto ake yin dekoreshon. Bango guda ɗaya kawai ake buƙata. A samu sabuwar tabarma ko zanen gado mai tsabta marar hayaniya, a rataya a kan igiya. A ari faifai biyar ko bakwai a wajen 'yan uwa mata ko a Sabo, a ɗinke su a jiki da zare da allura yadda za a iya kwancewa a mayar wa masu su. Ka tsaya a gaban wannan da shaddarka da hularka, wallahi hoton ya fi na gaban leda sau goma, kuma duk wanda ya gani ya san daga ina ka fito.

Na biyu, ƙyallayen tela. Makon Sallah babu shagon telan da ba ya cika da yankakkun atamfa da shadda da yadi, kuma yawanci sharewa ake yi. Ka je da ladabi ka roƙa, da wuya a hana ka. A yanka su kusurwa uku, kamar faɗin tafin hannu, a ninka bakin kowanne a kan igiyar shanya a ɗinke. Mutum uku suna hira za su gama abin da zai zagaye ɗaki kafin a kira isha'i. Wannan ba ya fashewa, ba ya tsoron ruwa, a wanke a ninke sai wata Sallar.

Na uku, wata da taurari. Kwalin taliya ko na sabulu ya isa. Ka kifa babban faranti ka zagaye shi da biro, ka ɗora ƙaramin faranti a ciki ka ɗan matsar da shi gefe ka sake zagayewa, ka yanke, ga jinjirin wata ya fito. Abin rufe shi kuma yana cikin kwandon shararka: ledar madarar gari ko ta biskit, idan ka farke ta ka wanke, cikinta fari ne mai ƙyalli kamar azurfa. A naɗe, a huda, a rataya da zare.

Na huɗu, fitilar gwangwani. Mutanen Masar sun shahara da fitilun azumi da suke kira fanus, mu ma muna da tarihin aci-bal-bal da ake ƙerawa da gwangwani. Ka samu gwangwanin madara ko na tumatir, ka cire takardar, ka cika shi da jiƙaƙƙen yashi ka danna sosai don kada ya lotse, sannan ka bi zanen da ka ɗiga da ƙusa da dutse kana hudawa. Ka zubar da yashin, ka sa ƙaramar tocila mai caji a ciki. Idan aka ɗauke wuta, wanda dama za a ɗauke, sai ka ga bango ya cika da ɗigon haske.

Na biyar, dagin Arewa. A zana shi da fensir a kan faffaɗan kwali, a bi layin da igiya ana mannawa da dafaffen sitaci, a bar shi ya bushe. Launi ma ba sai an sayi fenti ba: bular wanki na ba da shuɗi, ruwan zoɓo mai kauri na ba da ja mai duhu, kurkum rawaya, shayin da ya dahu sosai kuma ruwan ƙasa. Tsofaffin takardun lakca da kwafin furojet da sufabaiza ya cika da jan biro, a tsoma su a waɗannan launuka, a yanka siri-siri a yi sarƙa da su. Aƙalla dai sun yi amfani a karo na biyu.

Sai dai akwai abubuwa huɗu da za a kiyaye. Kada wanda ya kunna kyandir kusa da takarda da tsumma, musamman a hostal inda mutum shida ke ɗaki ɗaya da katifun soso. Kada a buga ƙusa ko a manna gam a bangon makaranta ko na mai gida, don a ƙarshen shekara kai za a caja kuɗin fenti. A ɗaura igiya daga ƙarfen taga zuwa sandar labule. A duba takarda kafin a sa mata almakashi, domin kalandunmu da yawa na ɗauke da ayoyi da sunayen Allah, waɗannan ba na yankawa ba ne. Sannan a tuna nan ba Katsina ba ce: danshin Kudu na sa kwali ya yi laushi, sitaci ya yi fumfuna ya kira kyankyasai. Duk abin da aka yi da sitaci a sauke shi bayan mako guda. Na tsumma da gwangwani su ne na ajiya.

Na san za a ce mini abu uku, bari in amsa tun yanzu.

Za a ce babu lokaci, ga jarabawa. Gaskiya ne lokaci na da tsada. Amma mu duba awa nawa muke ƙonawa a guruf muna gardamar wa ya biya, wa bai biya ba. Yamma biyu kawai aikin nan ke ci idan mutum goma suka haɗu. Kuma zaman da kansa riba ne. Sabon ɗalibin da bai san kowa ba, wanda wannan ce Sallarsa ta farko nesa da mahaifiyarsa, ka ba shi almakashi ka zaunar da shi cikin mutane ana raha, ka yi masa maganin kewar da balan-balan ba za su yi ba. Ranar walima kuma zai nuna bango ya ce ni na yi wancan.

Za a ce aikin mata ne. Maginan da suka yi zanen gidajen Zariya maza ne. Masu ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga a zaure, da marina na Ƙofar Mata, maza ne. Abin da bai dace ba shi ne mu bar wa 'yan uwa mata girki, mu ƙara musu da kwalliya, mu kuma mu iso da ƙamshin turare lokacin rabon abinci. Maza su ɗauki gwangwani da kwali da hawa tebur, a raba aikin da adalci.

Wasu kuma za su ce kwalliyar ɗaki a lokacin biki ɗabi'ar Kirsimeti ce, ba tamu ba. Fatawa ta malamai ce, ni ɗalibi ne. Abin da na sani shi ne a gidajenmu ana share gida, a yi shafe, a wanke labule, a fito da sabon zanen gado, a turara ɗaki kafin Sallah tun ba a haife mu ba. Abin da kowa ya yarda addini ya hana shi ne almubazzaranci, kuma tsakanin ƙyallen tela da ledar haya, kowa ya san wanda ya fi kusa da shi. Maƙwabtanmu Kirista na hostal ma, da yawansu da takarda da kwali suke yin nasu adon a Disamba. A gayyace su su zo su ci tuwo, su ga namu salon.

Akwai kuma maganar shara. Jihar Legas ta haramta robar abinci ta soso, wadda ake sha a yar, tun Janairun 2024, saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Duk wanda ya ga ambaliya a unguwannin ɗalibai da damina ya san inda ledar bikinmu ke ƙarewa. Mu baƙi ne a garuruwan nan. Ya kamata a san mu da barin wuri fes.

Don haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu. A ajiye kwali ɗaya a masallaci ko a ɗakin sakatare daga yau, kowa ya riƙa jefa gwangwani da leda mai ƙyalli da ya wanke. A tura mutum biyu wajen teloli. A sa yamma biyu na aiki. Abin da za a saya bai wuce zare, allura da igiya ba. Ragowar kuɗin layin nan a ƙara shinkafa da nama, a yi kunun aya da zoɓo mai yawa, a zuba wa masu gadi da masu shara nasu. Idan an samu rara, a yafe wa 'yan aji ɗaya kuɗin walima gaba ɗaya, ba tare da an kira sunan kowa ba. Bayan Sallah a tattara kayan a buhu, a miƙa wa kwamiti mai zuwa tare da littafin asusu.

Wanda yake cikin kwamiti a makarantarsu, don Allah ya kai maganar nan mitin na gaba. Idan an ƙi, a nemi a rubuta a fili nawa ne kuɗin dekoreshon, nawa ne kuɗin abinci, a bar waɗanda suka biya su zaɓa da kansu.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya ba masu jarabawa sa'a, ya sassauta zukatan sufabaizoji, ya mayar da mu gida da abin da muka zo nema. Amin.