Maganar Kare da Aku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga wani al'amari da muka tsananta a gefe guda, muka yi sakaci a ɗaya gefen.

In aka ga kare a gidan Musulmi, nan da nan sai a ta da jijiyar wuya. Hukuncinsa kuwa a fili yake cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 ta Hijira: ba a ajiye shi sai don tsaron gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Har ma masu sharhi sun ruwaito cewa Shehin da kansa ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Kare dai aikinsa yake yi, bayan shekara 10 ko 12 ya mutu, an rabu.

To, aku fa? Ba mai cewa uffan. Malamai sun halatta riƙon tsuntsu saboda hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, amma bisa sharaɗin ci da sha da barin cutarwa. Aku mai jan wutsiya, wanda ake kamowa a kurmi, yakan kai shekara 40 ko 50 a hannun mutum. Wanda ya saye shi da furfura, magada zai bar wa. Na san gidan da maigida ya rasu, aku yana ta maimaita sallamarsa da irin muryarsa, amma wajen rabon gado kowa ya ƙi shi. Aka mai da kejinsa bayan rumbu, kaɗaici ya sa ya tuge gashin ƙirjinsa, domin asalinsa tsuntsu ne mai zama cikin 'yan'uwansa. Mu da muke karantar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda tsare kyanwa, yaya muka yi shiru?

Fatake kuma su sani, yawan kamu ya kusa ƙarar da shi a Ghana. A shekarar 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg, suka hana cinikin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasa da ƙasa, dokar ta fara aiki a 2017.

Abin da nake gani, falke ya bar sayensa ko da an yi masa araha. Mai aku a gida kuwa ya kira shaidu tun yana da rai, ya faɗi wanda zai riƙe shi bayansa, da inda za a samo abincinsa. Haza wassalam.