Abin da ke Cikin Kwalbar Ƙamshi

Mai yin sabulu ko kyandir a gida takan zaɓi man ƙamshi da hancinta: idan ya yi ƙamshin wardi, sai ta saya. Wannan ɗabi'a tana da hatsari, domin hanci bai san abin da ke cikin kwalba ba.

Man wardi na ainihi yana da tsada ƙwarai. A ƙasar Bulgeriya, sai an tace furanni kimanin tan 3 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya. Saboda haka mai arahar da ke kasuwa haɗin sinadarai ne. Hakan ba aibi ba ne, muddin an san sinadaran. Akwai wani mai suna Lilial da ya daɗe yana ba sabulai ƙamshin fure, amma Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan shafa tun watan Maris na 2022, bisa fargabar yana illa ga haihuwa.

Kuma kowane aiki da awonsa. Kakin kyandir yakan ɗauki kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na mai, alhali abin da zai taɓa fata ƙasa da haka yake bukata, in ba haka ba ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya.

Ya kamata mai sana'a ta nemi takardar bayani wurin mai sayarwa, ta kuma riƙa aunawa da sikeli. Kwalbar da ba rubutu a jikinta a bar ta a kanti, domin sabulun da za a yi da ita 'ya'yan mutane ne za su yi wanka da shi.